Amanar Mai Hannu Huɗu

Duk wanda ya zauna unguwar Beaudottes ta Sevran, gefen Paris, a shekarun tamanin ya san Hassia, in bai san sunanta ba ya san tafiyarta. Gajeruwa ce mai saurin ƙafa, kullum da jaka a kowane hannu, kullum kamar an ce mata ga jirgi can zai tashi ya bar ta. Ba ta jiran asansar, wato lif ɗin bene, ta ce kafin ya ga dama ya sauko ita ta kai hawa na huɗu ta ɗora tukunya. In ta je barka ko gaisuwa, a tsaye take cin abin da aka zuba mata, tana ci tana gyara wa masu gida labule. Mijinta Malam Soumaïla, mai fataucin shadda tsakanin Paris da Maraɗi, ya sha faɗi cewa shekara ashirin da aurensu bai taɓa tarar da kujerar da Hassia ta ɗumama ba. Ita kuwa amsarta ɗaya ce: zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi.

A Maraɗi aka haife ta, 'yar mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ba ta taɓa taka ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ba, allon ma a ƙananan surori ta jingine shi, don talla ba ta jira. Makarantarta ita ce silimar garin, wadda ba ta da rufi, inda ake nuna finafinan Indiya. Ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ta fi kowa sanin wa ke son wa, da wanda zai mutu kafin a tashi. Da aka zo yi mata jere, bayan kwanuka da tasoshi, sai da aka lulluɓe bango da hotunan matan Indiya irin waɗanda fatake ke kawowa daga Kano, kamar yadda ake yi wa amare a lokacin. A cikinsu har da wata mai hannu huɗu. Hassia ta tambaya, gwaggonta ta ce ai 'yar rawa ce, hannunta ne ke da sauri har mai zanen ya rasa inda zai tsayar da shi, sai ya zana shi duk inda ya gan shi. Kowa ya gamsu da bayanin. Uwar Hassia ma, wadda ko sautin garaya ta jiyo daga gidan 'yan bori sai ta toshe wa yaranta kunne, da hannunta ta kafa hoton.

Cikin 1973 ta biyo mijinta Faransa da 'yarta ɗaya tilo, Raliatou, mai shekara shida. Wata uku ta yi a gida, ta wanke duk abin da ake wankewa sau biyu, sannan ta ce wa Malam Soumaïla in ba so yake ta haukace ba ya bar ta ta fita aiki. Ya bar ta, shi mutum ne mai son zaman lafiya. Ta shiga shara da guga a gidajen Paris, ta koyi Faransancin kasuwa da na tasha, irin wanda ba ya jin kunyar kowa. Burinta ɗaya ne a duniya, ta kuma faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare, Raliatou ta yi karatun da ita ba ta yi ba. Ita da ba ta iya karanta sunan tasha sai dai ta gane ta da ido, ita ce ke buɗe kayen yarinyar kowace yamma, wato littattafan rubutunta, ta duba ko layi ya miƙe.

A cikin gidajen da take yi wa aiki har da na wata tsohuwa Ba'indiya a La Chapelle, bayan tashar Gare du Nord, hawa na biyar. Sunanta Kamalam, mutuniyar Pondishéri ce, mijinta sojan Faransa ne da ya kawo ta Paris ya rasu ya bar ta. Hassia ta ce ba ta iya kiran sa'ar kakarta da suna gatsau, sai ta sa mata Kaka, tsohuwar kuwa ta amsa. Tun ranar farko da ta ji ƙamshin turare, ta ga ana tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta ce a ranta yau dai ta shigo cikin fim. Shekara biyar suka yi tare, Talata da Alhamis. Kaka na so ta zauna su sha shayi, Hassia na shan nata a tsaye tana goge taga. Kaka takan girgiza kai ta ce, "Ke ko a kabari aka sa ki sai kin tashi kin share shi."

Abu ɗaya aka hana ta taɓawa, wani ƙaramin kabad na katako a kusurwar ɗaki, kullum a rufe in ta iso da hantsi. Abin bai dame ta ba. Kowace mace da kabad ɗinta, ita ma nata na kwanukan aure ko Malam Soumaïla bai isa ya buɗe ba.

Sau ɗaya tak Kaka ta taɓa ɓata mata rai. Farkon Oktoba ne na 1984, shekarar da Raliatou ke shirin bak, babbar jarrabawar gama sakandare. Tsohuwar ta ce a aro mata ɗaya daga kayen yarinyar, daga Talata zuwa Alhamis. Hassia ta ɗauka kyan rubutu take son gani, ta kai mata da alfahari. Da kayen ya dawo sai ga wani ɗigon rawaya da ja a tsakiyarsa, ɗoɗar a kan bango. Ta haɗiye maganar don girman furfura, amma tun daga La Chapelle har Sevran mita take a cikin jirgi: a ce mutum ya ci miya ya taɓa littafin mutane bai wanke hannu ba! Ta sa tsumma ta goga, ɗigon ya ƙi fita. Raliatou ta ci bak da kyau, ta tafi jami'a a Villeurbanne, gefen Lyon, karatun kimiyya, aka manta da zancen.

Cikin Fabrairu na 1986 Kaka ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Hassia ce ta tarar da ita, ita ta kira motar asibiti. Kafin masu ɗaukar marar lafiya su gama hawo benen, tsohuwar ta nuna kabad ta ce ta buɗe. Akwai 'yar fitilar tagulla a ciki, da busassun furanni, da hotunan takarda guda biyu, a tsakiya kuma wani allo mai nauyi cikin gilashi, tsawonsa ya kai kamu guda.

Mace ce a jikinsa, fara sol cikin fararen tufafi, zaune kan furen bado irin na tafkunan gida da damina. Kambin kanta da sarƙoƙinta ba fenti ba ne, zinariya ce aka manna ta taso sama, da 'yan duwatsu ja da kore. Hannu biyu na riƙe da wata doguwar garaya mai ƙwarya a kowane kai, ɗaya na riƙe da littafi, na huɗun da carbi. Ga wata farar dinya a ƙafarta, ga ɗawisu daga gefe. Idanunta manya ne, duk inda ka tsaya kai suke kallo. Duk da tashin hankalin da ake ciki sai da Hassia ta ji wani daɗi, kamar ta haɗu da 'yar garinsu a tasha. Ai 'yar rawar ɗakin aurenta ce, sai dai wannan ta ƙara da carbi da littafi, alamar ta tuba ta kama karatu.

"Tafi da ita gidanki," in ji Kaka da Faransanci, tana haki. "Kada ki ajiye ta a ƙasa. Kada ki bar ta a duhu. In na fito zan karɓa. In ban fito ba, ki kai wa ɗana Selvam a Lyon, adireshinsa na manne a baya. Ki sa masa a hannu. A hannu, kin ji? Ba ta gidan waya ba, ba ta hannun wani ba."

"Na ɗauka, Kaka," in ji Hassia. "Ki kwantar da hankalinki."

Bangon gidajen Beaudottes kankare ne, ba ya cin ƙusa. A duk falon Hassia ƙusa ɗaya ce, wadda mutumin da ya riga su zama ya bari, tana ɗauke da kalandar mahauci da ta shekara uku da ƙarewa. Bangon na kallon taga, ga haske har yamma, daidai da abin da Kaka ta ce. Shi ne kuma bangon alƙibla. Hassia ta ɗan yi jim, sai ta ce hoto can sama yake, mai salla kuwa ƙasa yake kallo, ta sauke kalandar ta rataye shi. Malam Soumaïla, wanda ko labulen gidan ka canza kaf ba lura zai yi ba, ya ɗaga kai sau ɗaya ya ce, "To, Indiya ta iso Sevran," ya tada kabbara.

Kaka ba ta fito ba. Wata biyu tana asibiti, Hassia na zuwa Talata da Alhamis kamar aikin bai tsaya ba, ta gyara gado, ta sake share inda masu shara suka share. Kowane zuwa kuma sai ta juya baya ta karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu ta tofa a kofin ruwan tsohuwar, ba ta taɓa gaya mata ba. Cikin Afrilu ta rasu. Selvam ya zo ya kwashe gidan cikin kwana biyu. Hassia ta tare shi a matakala ta ce akwai ajiyar uwarsa a wurinta, ya ce zai buga waya, bai buga ba. Ita ma, a faɗi gaskiya, ba ta matsa ba, don tana son hoton. In ta kalle shi sai ta ji ƙamshin gidan Kaka, ga shi kuma matar cikin hoton ce kaɗai ta taɓa gani da hannun da ya kai yawan aikin da ke cin ranta. Ta ce bari sai bayan azumi. Azumi ya zo ya wuce, ta yi tarawihinta kaf a gaban bangon nan, ta ce bari a huce gajiyar salla.

Ƙarshen Yuni Raliatou ta dawo hutu, rabonta da gida tun Disamba saboda jarrabawa. Ta shigo da la'asar, uwarta na kan darduma. Ta tsaya da jaka a hannu, idonta a bango, har aka sallame.

"Maman, mi wannan ke yi nan?"

"Ko gaisuwa babu? Ajiyar Kaka ce da na hwaɗa miki a tarho. 'Yar fim."

"Wace 'yar fim? C'est une déesse, Maman! Abin bautarsu ce. Sarasvati sunanta. Akwai wata 'yar Indiya a gidan ɗalibanmu mai irinta, kullum da sahe sai ta kunna mata fitila ta duƙa mata."

Hassia ta yi dariya, ta soma kawo bayanin gwaggo na saurin hannu. Tun kafin ta kai ƙarshe ta ji maganar ta yi mata wani iri a baki. 'Yar fitilar tagulla ta faɗo mata a rai, da furanni, da kabad ɗin da ba a taɓawa. Ta ɗaga kai ta dubi garayar nan mai ƙwarya biyu, ita 'yar matar da ke toshe wa yara kunne. Salati ya kuɓuce mata. Wata huɗu, salla biyar a rana, da azumi guda cur, goshinta a ƙasa a gaban abin da wasu ke bauta wa. Rashin sani ya fi dare duhu. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ta hau kujera ta sauko da allon.

Sai kuma ta tsaya da shi a hannu, don ba ta san inda za ta kai shi ba. Ta shiga ɗaki ta fito, ta leƙa baranda ta dawo. A haka Malam Soumaïla ya shigo ya same ta tana zagaye falo. Ya saurari labarin, ya daɗe yana shafa gemu.

"Allah zuciya shika dubi, Hassia, ba ƙusa ba," in ji shi. "Ba mu sani ba, ba mu yi da niyya ba. Amma yanzu mun sani. A sauka da abin ga ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene, ko a kai shi bola."

"Ta ce ba a ƙasa ba, ba a duhu ba."

"Wa ta ce? Matar da ta mutu tana duƙa ma katako?"

"Matar da na ce ma na ɗauka. Malam, kai da bakinka ka karanta mani alamun munahuki, in an ba shi amana shi ci. Ban ji ka ce sai amanar Musulmi ba."

Gaba kura, baya sayaki: a bar shi a gida babu hali, a wulaƙanta shi babu hali. A ƙarshe aka shirya kan cewa allon zai kwana kan kujera a kicin, fuskarsa na kallon taga, a bar fitila kunne, gobe kuma jirgin farko ya bar gidan. Hassia ta yi magariba a ƙuryar ɗaki, ta rufe ƙofa biyu tsakaninta da kicin.

Washegari Asabar ce. Wajen naɗe allon ma sai da aka yi rigima, don Raliatou ta kawo bargo, Hassia ta ce cikin bargo ai duhu ne. Ta ɗauko farin mayafinta shara-shara ta lulluɓa. A jirgin nan mai gudu da ke kai mutum Lyon cikin awa biyu, kowa ya zauna ya buɗe jarida, ita tana tsaye a tsakanin tarago da tarago, ta rungume kaya a ƙirji. Raliatou ta zo sau uku ta ce, "Maman, ki zamna, mutane na kallonmu." Ta ce su kalla, idonsu ne. Hannunta ya yi tsami, ta sauya kafaɗa, tana istigfari tana faɗa da matacciya a zuci. Haba Kaka, shekara biyar muna tare, me ya hana ki gaya mini? Sai wata zuciyar ta ce, ke kin tambaya? Kin taɓa zama minti biyar da za a gaya miki wani abu? Wannan ta fi allon nauyi, ta koma zagaye.

Gidan Selvam na Villeurbanne, cikin dogayen benayen nan farare na tsakiyar gari. Mutum ne mai kimanin shekara hamsin, da furfura da tabarau, yana koyar da masu karatun injiniya. Matarsa Bafaranshiya da yaransa biyu sun fita kasuwa. Ya gane Hassia, ya ce su shigo. Da ta yaye mayafin sai ya ja da baya, ya zura hannuwansa cikin aljihu.

"Madam, kin sha wahala, na gode," in ji shi. "Amma ni na bar waɗannan abubuwa tun ina saurayi. Sauran hotunan ma maƙwabtan uwata na ba. Ki riƙe ta, ko ki kai gidan tarihi, za su yi murna."

"Ni Musulma ce, ba na riƙe ta," in ji Hassia da Faransancinta na tasha. "Kuma ba a ce mini gidan tarihi ba. An ce hannunka."

"To, ajiye ta nan," ya nuna ƙasa, bayan ƙofa, inda ake zuba takalma.

A nan Hassia ta yi abin da ko 'yarta ba ta taɓa gani ba. Ta dubi wata kujera, ta zauna daram, ta ɗora allon a cinya. Ta ce ita ba gaggawa take ba, in ya shirya ga ta nan. Ƙafarta dai na ta ƙaiƙayin tashi, amma ba ta tashi ba.

Kwata ta wuce, rabin awa ya wuce. Selvam ya dafa kofi, ya leƙa taga, ya dawo. Kunya ta ishi Raliatou, don ta kashe shirun ta tambaye shi me tsuntsun nan ke nufi. Malami kuwa, ko ya rantse ya bar abu, in ɗaliba ta yi tambaya ba ya iya haɗiye amsa. Ya ce kakansa malamin makaranta ne, shi ya sa wani mai zane a garin Tanjavur ya yi wannan allo don auren 'yarsa, wato Kaka. Katako ne aka lulluɓe da ƙyalle, aka shafe da alli da ƙaro, aka manna zinariya. Ido ake zanawa a ƙarshe, kuma daga ranar da aka buɗe idon, a wurin mutanensu, ba katako ba ce kuma, shi ya sa ba a ajiye ta a ƙasa, ba a barin ta a duhu. Ita ce ta ilimi a cikin allolinsu mata, akwai ta arziki mai jan tufafi, akwai ta yaƙi mai hawan zaki. Farin tufafin, wai ilimi ba ya son dauɗa. Littafin a fili yake. Carbin na maimaitawa ne, don abin da ba a maimaita ba ba ya zama a kai. Abin kiɗan, sunansa vina, wai karatun da ba a saita shi ba hayaniya ce. Bado daga taɓo yake fitowa amma ba ya ɗaukar taɓon. Ɗawisu girman kai ne, shi ya sa aka bar shi a gefe. Farin tsuntsun kuwa, cewa ake in ka gauraya masa madara da ruwa sai ya shanye madarar ya bar ruwan.

Hassia na ji tana a'uziyya a zuci, amma fa tana ji. Ta ce a ranta da ta san inda ake samun irin tsuntsun nan da tun jiya ta nemo shi.

"Akwai rana ɗaya a shekara," in ji Selvam, har ya soma murmushi, "wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, da ake tara littattafan yaran gida a gabanta, ba mai karatu ranar. Ita ce ranar da na fi so ina yaro. Washegari uwa ta ɗiga wa kowane littafi rawaya da ja a tsakiya, ta mayar wa mai shi, wai karatu ya yi albarka. Kowace shekara sai uwata ta dame ni a waya in aiko da littattafan yarana. Ban taɓa aikawa ba. Me za a yi da shirme?"

Raliatou ta juyo a hankali ta dubi uwarta. "Maman," ta ce da Hausa, "kayena na bak."

Hassia ta dubi allon da ke cinyarta. Ta tuna mitar da ta yi a jirgi, ta tuna tsumman.

"Ta ɗiga wa na 'yata," ta ce da Selvam. "Shekarar jarrabawa. Na ɗauka miya ce, har na goga."

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya cire tabarau. "Na 'yarki?"

"Shi ta samu."

Can Hassia ta gyara riƙon allon ta ci gaba, don in ta fara magana ba ta iya barin ta a rabi. "Kada ka ɗauka na ce katakon nan ne ya ba 'yata bak. Allah ne ya ba ta, da wahalarta. Amma uwarka ta roƙa mata da abin da ta sani, ba ta gaya mini ba. Ni ma wata biyu ina tofa mata Alƙur'ani a ruwa a asibiti, ban gaya mata ba. Ni da ita mun yi kunnen doki. Saura kai."

Selvam ya juya ya shige ciki. Suka ji ƙarar famfo. Da ya dawo ba takalmi a ƙafarsa, hannuwansa a jiƙe, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya miƙo hannu biyu. Hassia ta tashi ta ɗora masa allon, ba ta saki ba sai da ta tabbata nauyin ya koma kansa.

"Ba a ƙasa ba," ta ce. "Ba a duhu ba."

"Na sani, Madam," in ji shi. "Tun ina ƙarami na sani."

Sallolin wata huɗun nan, ko da malamai biyu suka ce mata babu ramuwa, sai da ta rama su kaf kafin sanyi ya shigo, don Hassia ba ta san a ce mata huta ba. Amma wannan daga baya ne. A jirgin komawa Paris dai ta rasa yadda za ta yi da hannuwanta, babu jaka, babu tsumma, babu allo. Ta zauna kusa da taga, sai kukan Kaka ya zo mata, wanda tun Afrilu ba ta samu zaman yin sa ba. Ta yi shi sosai, ba ta damu da masu jarida ba. Raliatou ta riƙe mata hannu har ta lafa.

Ta share fuska da farin mayafin, ta ce, "Kayen nan naki, ina shike?"

"Shina cikin kwali, a ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene, tare da tsohhin takalma."

"A ƙasa," in ji Hassia. "Cikin duhu."

"Maman, kaye ne kawai."

"Na sani kaye ne. In mun isa, kahin ki tuɓe takalminki, ki sauka ki ɗauko shi."